Hattara da saƙon "akwatin imel ɗinku ya cika"

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda shagonsa ko ofishinsa ke amfani da imel ɗin da kamfanin intanet ya buɗe masa, don Allah ya tsaya ya karanta wannan.

A watan jiya saƙo ya shigo wa yaron da ke riƙe mana lissafi, ɗauke da tambarin kamfanin da ke ba mu intanet, har kalar ba ta bambanta ba. Wai akwatinmu ya cika, in ba a sabunta cikin awa 24 ba za a rufe. Ya danna, shafi ya buɗe sak wanda ya saba gani, ya zuba adireshi da kalmar sirri. Shafin ya ɗan yi juyi ya mai da shi na ainihi, shi kuwa ya ɗauka tangarɗar sabis ce, ya sake shiga ya ci gaba da aikinsa. Ashe an riga an yi awon gaba da mabuɗin.

Ɓarayin ba su canza kalmar sirrin ba, ba su goge komai ba. Saiti kawai suka shiga suka sa duk wasiƙar da ta iso a tura musu kwafi, suka yi lamo suna karanta cinikinmu. Da lokacin biya ya zo, sai suka rubuta wa wani abokin cinikinmu daga adireshinmu na gaskiya, wai mun sauya asusun banki. Allah ya taimake mu Alhajin ba ya sakin kuɗi sai ya ji murya. Ya kira ni, nan asiri ya tonu.

Kada wani ya ce sai marar wayo ake yi wa haka. Da irin wannan shafin bogi aka sace kalmar sirrin shugaban sashen kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da manyan injunan Caterpillar, a 2018, aka kwashe kusan dala miliyan 11. Shari'ar ce ta sa kotu a Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke, wanda ake kira Invictus Obi, shekara 10 a 2021.

Ku daina shiga imel ta mahaɗin da aka turo muku cikin saƙo, ku rubuta adireshin shafin da hannunku. Ku dubi adireshin shafin da ke sama harafi bayan harafi, domin ɗan kwaɗon nan na alamar tsaro da kan fito a gefensa, shafukan bogi su ma suna da shi. In kuwa kun riga kun danna, canza kalmar sirri kaɗai bai isa ba. Ku leƙa wurin tura wasiƙu a saiti ku cire duk adireshin da ba ku sani ba, sannan ku kira kamfanin ta lambar da ke kan rasiɗinku. Abokan cinikinku kuma ku gaya musu da baki cewa lambar asusunku tana nan yadda suka san ta.