Kwana shida da Kombi ta 1974 a arewacin Wales: wasan sitiyari ba duka ne halin mota ba

Tun ina yaro nake son wannan mota. Duk wanda ya san Legas a da zai tuna danfo na farko-farko Kombi ce ta Volkswagen, mai inji a baya da ƙara irin ta keken ɗinki. A nan Birtaniya, inda aiki ya kawo ni, irin motar ce ake mayarwa ɗakin kwana: gado, risho, ɗan wurin wanke kwanuka, da rufi mai ɗagawa sama. A watan Satumba na yi hayar guda ɗaya ƙirar 1974 daga wani ƙaramin kamfani, ni da maiɗakina da yara biyu, muka yi kwana shida a arewacin Wales.

Abin yabo ba zai ɗauke ni lokaci ba. Cikin motar tsaf yake, gado ya ishe mu, risho bai ba mu matsala ba, injin kuma bai taɓa ƙin tashi ba ko da asuba cikin sanyi. Injin lita 1.6 ne mai shan iska, ba ruwa, ƙarfinsa kusan doki 50, don haka mil 50 zuwa 55 a awa shi ne iyakar abin da za ka nema cikin kwanciyar hankali. Na san da wannan kafin in biya, kuma bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni sitiyari ne. Ranar da na karɓi makulli, ma'aikacin kamfanin ya ce mini, "Za ka ji sitiyarin da ɗan wasa, dukkansu haka suke." Na yarda. Da muka hau A55, babban titin da ke bin gaɓar teku daga Chester har Holyhead, sai na ga abin ya wuce ɗan wasa. Ina iya juya sitiyarin dama da hagu kusan faɗin tafin hannu, motar ba ta ko motsa daga layinta ba. Can kuma sai ta ɗauka gaba ɗaya, ta karkata fiye da yadda na so, in mayar, ta sake wucewa ɗaya gefen. Haka na yi ta lallaɓa ta kamar mai tuƙa kwalekwale. Tirela in za ta wuce mu, iskar gabanta ta fara tura mu waje, in ta kai tsakiya ta janyo mu ciki. A gadar Britannia da ke tsallaka mashigin Menai zuwa tsibirin Anglesey, inda akan rage wa motoci gudu in iska ta yi ƙarfi, maiɗakina ta dafa kafaɗata ta ce, "Malam, don Allah in mun sauka ka tsaya." Na tsaya, hannuna na rawa.

Dole in yi wa motar adalci, domin wani ɓangare na wannan ƙirarta ce. An yi wannan samfuri a Jamus daga 1967 zuwa 1979, Brazil kuma ta ci gaba da yin irinta har 2013. Tazarar tayar gaba da ta baya mita 2.4 ce kacal, daidai da ta ƙaramar motar Volkswagen, wato Beetle, amma tsayinta sama ya kusa mita biyu, gefenta kuma shafe kamar bango. Nauyin inji da giya yana baya. Iska in ta bugo daga gefe, gaban da ba shi da nauyi shi take fara turewa. Ga shi direba a saman tayar gaba yake zaune, don haka duk ɗan kaucewar da hancin motar ya yi, a jikinka kake ji ninki biyu. A kwana ma sai ka saba: sai jikinka ya wuce bakin kwanar kafin ka karya sitiyari, in ba haka ba tayar baya ta hau dakali. Ba ta da fawa sitiyari, wajen yin fakin sai ka sa ƙarfi. Duk wannan na karɓa, kuma a kwana na biyu na fara sabawa.

A sansanin da muka kwana kusa da Llanberis na gane sauran. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bature mai irin motar, tasa ta 1978, shi yake gyaran abarsa shekara da shekaru. Da na ba shi labari sai ya ce in zauna in riƙa kaɗa sitiyari a hankali, shi kuma ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin gaban motar da tocila. Bayan ɗan lokaci ya kira ni, ya sa maiɗakina ta karɓi sitiyarin, na leƙa da idona.

Motocin yau sitiyarinsu kusan kai-tsaye yake tura tayoyi. Wannan kuwa hanyar doguwa ce. Daga akwatin sitiyari akwai hannun ƙarfe, daga shi doguwar sanda ta tafi baya zuwa wani hannu na biyu da ke juyawa a kan fil a tsakiyar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, daga nan tayarod biyu suka rabu zuwa tayoyi. Kowace gaɓa in ta ɗan ci, wasanta yana taruwa a kan na 'yar'uwarta, sai ya iso hannun direba ya zama babba. A tamu motar, wancan hannu na tsakiya sai ya yi sama ya yi ƙasa tukuna kafin ya juya, alamar fil ɗin da bushinsa sun cinye. Kan giris ɗin wurin ya bushe ƙurmus, ƙura ta toshe shi. Damfar sitiyari, wato ɗan shokozoban da ke kwance yana hana girgiza, duk mai ya jiƙa jikinta.

Sai tayoyi. Irin wannan mota taya mai ƙarfin gefe take so, irin ta motocin kaya mai alamar C, kamar 185 R14 C. Namu na ƙaramar mota ne, gefensu laushi, kuma iskar gaba da ta baya ɗaya aka yi musu, alhali na baya ya kamata su fi cika sosai tunda can nauyi yake. Dattijon ya ɗauko famfonsa ya ƙara wa na baya iska iya abin da tayar za ta ɗauka. Ya kuma gargaɗe ni kada in bar kowa ya ɗaure sukurun akwatin sitiyari don a kashe wasan. A tsakiya kawai ake saita shi, in aka matse fiye da kima sitiyari ya daina komowa da kansa bayan kwana, akwatin kuma ya lalace.

Daga nan ya ba ni tasa na ɗan zaga zuwa bakin tafkin Padarn na dawo. Ita ma tana jin iska, ita ma sai ka jira ta a kwana, amma wasan sitiyarinta bai wuce faɗin yatsa biyu ba, kuma inda ka nuna ta nan take bi. A ranan raina ya ɓaci ƙwarai, domin da yarana na hau waccan gada.

Akwai abin da mai haya ya kamata ya sani. A gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Birtaniya, wato MOT, ana yarda da wasa har milimita 75 a bakin sitiyari mai faɗin milimita 380 in irin na akwati ne, alhali na zamani milimita 13 ne. Tun watan Mayu na 2018 kuma, motar da ta haura shekara 40 ba a yi mata babban sauyi ba, ba dole ne ta je gwajin ba, ko da yake doka ta ɗora wa mai ita ya tabbatar tana da lafiya. Da na kira kamfanin na tambayi yaushe rabon da bakanike ya duba gaban motar, sai aka sake ce mini dukkansu haka suke.

Sauran kwanakin mun yi su a ƙananan hanyoyi, mil 35 zuwa 40 a awa, muka guji A55 iya yinmu. Ƙarin iskar ya rage lilon baya sosai, wasan gaba dai yana nan. A hanyar dutse ta Llanberis, a giya ta biyu, yara na leƙen tumaki ta taga, na ji daɗin motar yadda na yi fata tun farko.

Motar zan ba ta huɗu cikin biyar, kamfanin kuwa biyu. Badi in Allah ya kai mu zan sake haya, a wani wuri daban. Kafin in sa hannu a takarda zan tsaya waje kusa da tayar gaba, in zura hannu ta taga in kaɗa sitiyari, in ga nawa zai tafi kafin taya ta motsa, sannan in durƙusa in nemi harafin C a jikin tayoyi huɗun.