John Galsworthy: Ta Littattafansa Za a Fara, Ko Ta Wasanninsa?

Mai son sanin John Galsworthy, marubucin Ingila da aka haifa a 1867 ya rasu a 1933, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko ƙagaggun labaransa, musamman The Forsyte Saga, wanda aka haɗa littafi guda a 1922. Labarin wani gidan attajiran Landan ne da ke auna komai da ma'aunin dukiya, har Soames, ɗaya daga cikin 'yan gidan, yake lissafa matarsa Irene cikin kadarorinsa. Wannan aikin kwamitin Nobel ya ambata da ya ba shi kyauta a 1932. Sai dai doguwar tafiya ce, ga dangi rututu, sai mai haƙuri.

Wasannin kwaikwayonsa kuwa gajeru ne, kuma sun fi cizo. Lauya ne ta fuskar karatu, shi ya sa kotu da kurkuku ba baƙin wuri ba ne a alƙalaminsa. A Justice na 1910 ya nuna wani matashin akawu da ya yi jabun cek, aka kulle shi shi kaɗai a ɗaki har ya kusa zaucewa. Winston Churchill, ministan cikin gida a lokacin, ya kalli wasan, kuma a shekarar aka rage wa'adin irin wannan kullen. Strife na 1909 kuma kan yajin aiki ne, bai ɗaure wa ma'aikata ko masu kamfani gindi ba.

Ni dai da Justice zan ce a fara, don zama ɗaya ya isa a karance shi. Gidan Forsyte a bari sai an sami dogon hutu.