Sharhi kan keken VTT na hannu: yadda yake a yashi da ƙayar Maradi

Keken da nake magana a kansa irin wanda muke kira VTT ne, wato keken hawan tsauni da hanyar daji, na hannu, shigowar Turai. Jikinsa alminiyam, ƙafa inci 26, taya 26 x 2.10, giya 21, wato faranti uku a gaba da bakwai a baya. Birkinsa na roba ne mai kama gefen wili, irin mai siffar V, shakazoba kuma a gaba kaɗai take. Nauyinsa wajen kilo 14. Na hau shi cikin gari da bayan gari, rani da damina da hunturu, kuma hukuncina shi ne ya cancanci a saya, muddin mai saye ya san cewa kuɗin da zai ba dillali ba su ne ƙarshen kashewa ba.

An ƙera irin wannan keke don tsaunuka, mu kuwa ba mu da tsauni. Gangaren da ke da suna a nan shi ne na sauka daga tudun da garin ya koma bayan ambaliyar 1945 zuwa kwarin Gulbin Maradi. Abin da muke da shi a yalwace yashi ne da burji da ƙaya, kuma a kan waɗannan uku na auna keken. Lungunan Zariya da Ali Ɗan Tsoho, inda kwalta ta ƙare yashi ya karɓa, su ne jarrabawarsa ta kullum. Keke mai siririyar taya a nan sai an sauka an tura. Wannan yana wucewa, idan iskar taya ta yi daidai.

Maganar iska ita ce mafi yawan mutane ke kuskurewa, don haka zan tsaya a kanta. Mai faci ya saba da moto da adaidaita, sai ya danna wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, mai keke kuma ya ji daɗi wai ta sha iska. Taya mai tauri yanka yashi take ta nutse. Ga mutum mai nauyin kilo 70, bar 3 zuwa 3.5 a agogon awon iska ya isa a kan kwalta. Idan hanyar yashi ce a sauko zuwa bar 2 ko 2.2, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi, don fuskar tayar ta buɗe ta kwanta a kan yashin. Kada a sauka ƙasa da 1.8 matuƙar da tiyub a ciki, domin da zarar an daki dutse ko bakin kwalta, wili zai matse tiyub ɗin ya bar huji biyu a jere. Wanda ya ga huji biyu kusa da juna ya san ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne. Iyakar abin da taya za ta ɗauka yana rubuce a gefenta, yawanci bar 4.5 ko PSI 65, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bai kamata a kusanci wannan iyaka ba, balle a jingine keken a rana. Famfon hannu mai agogon awo ya fi kowane ado da za a saya wa keken amfani.

A duba bawul tun wurin saye. Akwai mai kauri irin na mota da moto, akwai siriri mai ɗan noti a kai. Kekunan Turai da yawa da siririn suke zuwa, kuma bakin famfon masu faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla. Ramin wilin siriri milimita 6.5 ne, na mai kauri 8.5. Idan wilin mai faɗi ne, ana iya buɗa ramin a goge bakinsa da kyau a koma mai kauri, a huta. Wani tarko kuma: ba kowace taya mai lamba 26 ce ke shiga ba. Ta VTT tana ɗauke da 559 a gefe, misali 54-559. Wadda aka rubuta 26 x 1 3/8, irin ta kekunan Japan na cikin gari, 590 ce, ba za ta zauna ba ko an yi mata dole.

Sai ƙaya. Ƙarangiya ta fi damun safa da wando, ba ta cika huda taya mai kauri ba. Tsidau ne maƙiyi a gefen hanya da gonakin da aka girbe, sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa a ƙarƙashin itatuwa da kuma inda aka yi shinge. Tayar da keken ya zo da ita ta tsufa a ajiya, gefenta ya tsattsage, robarta ta bushe, ba ta tare komai. Canza ta na farko ne a jerin kashe kuɗi. Bayan sabuwar taya, dabaru biyu sun yi aiki. Ta farko, a samu tsohuwar taya da ta ɗan fi siranta, a yanke wayar bakinta gefe biyu, a shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin a sa tiyub. Tana ƙara nauyi, ana ji a ƙafa wajen tashi, amma tsidau ba ya kaiwa ciki. A tabbata an goge bakin yankan ya yi sumul, in ba haka ba shi da kansa zai ci tiyub. Ta biyu, ruwan toshe huji da ake ɗurawa ta bawul mai kauri bayan an kwance cikinsa, kimanin mililita 100 zuwa 120 a kowace ƙafa. Yana toshe ƙananan huji ana cikin tafiya. Aibinsa biyu: zafinmu na busar da shi da wuri, kuma idan hujin ya yi girma har sai an yi faci, gam ba ya kamawa sai an wanke wurin an busar sarai. Ni na fi yarda da dabarar farko a ƙafar baya, inda nauyi yake. Duk lokacin da aka yi faci kuma, a bi cikin taya da yatsa a hankali a zaro ƙayar, don sau da yawa tana nan maƙale tana jiran sabon tiyub.

Giyar ta gamsar da ni. Farantan gaba masu haƙori 42 da 34 da 24 ne, na baya daga 14 zuwa 28, masauyin giyar kuma na kamfanin Shimano ne, kuma kayansa ba su da wuyar samu ko daidaitawa. A cikin gari farantin tsakiya ya wadatar. Ƙaramin na yashi mai zurfi ne da hawowa daga gulbi. Yadda ake ratsa yashi kuwa: a sauke giya tun kafin a shiga, a ja zama baya kan sirdi, a sassauta riƙon kai, a ci gaba da juya feda ba tsayawa, kada a taɓa birkin gaba. Wanda ya jira sai ya nutse sannan ya sauya giya da ƙarfi, shi ne ke tsinka sarƙa ko ya lanƙwasa ɗan kunnen da ke riƙe masauyin baya. Kunnen nan an yi shi da taushi da gangan, don ya lanƙwashe maimakon jikin keken. Alamar ya lanƙwashe ita ce giya ta riƙa tsalle ko masauyin ya riƙa taɓa wayoyin wili. Shi ya sa ba a kwantar da keke ta ɓangaren sarƙa, ko a gida ko a saman mota.

Inda na rage masa maki shi ne haƙoran giyarsa na baya firiwil ne mai murɗawa, ba irin wanda ake zurawa a ɗaure da zobe ba. A tsarin firiwil, boris na dama yana can ciki nesa da jikin keke, don haka sandar tsakiyar ƙafa ke ɗaukar nauyin a wofi, tana iya lanƙwashewa ko ta karye idan an yawaita goyo ko an faɗa rami da gudu. Mai nauyi, ko wanda zai riƙa ɗaukar buhu, ya nemi mai zoben idan ya samu.

Sarƙa ita ce ke fara mutuwa a ƙasarmu, kuma baƙin mai ne ke kashe ta. Mai kauri yana kama yashi, su haɗu su zama abin goge ƙarfe, su cinye sarƙa da haƙora tare. A wanke ta da kananzir ko gazwal da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a goge wajenta da tsumma har ta kusa bushewa. Man a cikin gaɓa ake bukatarsa. Lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa, narkakken kyandir ya fi: a cire sarƙar a wanke tas, a tsoma ta cikin kyandir da aka narkar a wuta kaɗan, a rataye ta huce. Ƙura ba ta manne mata, sai dai ruwan damina na wanke shi da sauri. Awon lalacewa kuwa da ma'aunin tela ma ana yi: gaɓa 12 cikakku na sabuwar sarƙa, wato a lissafa gaɓar ciki da ta waje a matsayin ɗaya, santimita 30.5 ne. Idan sun kai 30.7 a canza. Idan aka bari suka wuce 30.8, haƙoran baya sun riga sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansu, kuɗi ya ninka. A kula wajen saye, sarƙar keke marar giya ta fi kauri, ba ta shiga tsakanin haƙora bakwai. Ta giya 6 da 7 da 8 kuwa duk ɗaya ce.

Birkin V ya ishe mu. Robarsa araha ce, kowane mai gyara ya iya ta. A bar tazarar milimita 1 zuwa 2 tsakanin roba da wili, kuma kada robar ta taɓa taya, don tana yanke gefenta. Da damina jar laka na cin gefen wili, sai a riƙa shafawa da yatsa. Idan ya yi kwarmi sosai wilin ya kusa tsagewa. Wanda ya samu mai birkin faifai na ruwa ya sani cewa na Shimano da man ma'adini yake aiki, idan aka zuba masa ruwan birkin mota robobin ciki za su kumbura su lalace.

Shakazobar gaba ce mafi raunin abin da ke jikinsa. Irin mai sifirin ce, tana da nauyi, ƙura na shiga ta bakin robobinta, bayan ɗan lokaci ta daskare ko ta fara kaɗawa gaba da baya idan an ja birki. Goge sandunanta da tsumma bayan kowace fita da ɗigon mai kaɗan na jinkirta abin, ba ya hana shi. A kan burji mai tudu da kwari taya mai laushi ta fi ta rage girgiza. Da za a ba ni zaɓi tsakanin wannan da fok na ƙarfe marar shakazoba, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, na biyun zan ɗauka. Su kuwa sababbin kekunan nan masu ƙyalli da sifirin a tsakiya, waɗanda yara ke so, ba na ba kowa shawarar su. Sun fi nauyi nesa ba kusa ba, mahaɗin tsakiyar na saurin yin lako-lako, rabin ƙarfin ƙafa kuma a lilon sifirin yake ƙarewa.

Wurin saye, a fara da jiki kafin fenti. A duba walda ƙarƙashin wuyan keke da wajen da sandar sirdi ke shiga, a nemi siririn tsagu. Jikin alminiyam idan ya tsage, mai walda na bakin hanya ba zai iya masa ba, na ƙarfe kuwa ana ɗinke shi. Maganaɗisu zai nuna wanne ne, don ba ya kama alminiyam. A kwance sandar sirdi a ga tana motsi, domin wadda ta daskare a ciki wahala ce babba. A ɗaga kowace ƙafa a juya a ga ko tana rawa, a kama ta a girgiza gefe da gefe a ji ko boris ya saki. Sababbi ko tsofaffi, boris na ƙafafu da na tsakiyar feda da na wuya duk a buɗe su a sa giris kafin a fara hawa. A tuna fedar hagu haƙorinta a juye yake, ta hannun dama ake kwance ta, da sifana 15. Ga mai tsawon mita 1.70 zuwa 1.78, jiki mai inci 17 ko 18 ne daidai. Tsawon sirdi kuwa, a ɗora diddige kan feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa, kuma kada a zaro sandarsa ta wuce layin da aka zana mata.

Hanyoyin da keken ya fi daɗi a kansu su ne gefen gulbi da rani, ta cikin lambuna, da hanyar Tibiri, da ta Jirataua. Tafkin Madarunfa, kimanin kilomita 20 kudu da gari, tafiya ce mai kyau ga wanda ƙafarsa ta saba, amma a bi babbar hanya, da rana, cikin ayari, a kuma tambayi mutanen yankin halin da ake ciki kafin a tashi. Ɓangaren dajin Baban Rafi da ƙauyukan bakin iyaka a bar su, matsalar 'yan bindiga a can ba abin wasa ba ce. Da bazara a fita bayan sallar Asuba a dawo kafin ƙarfe 9, da ruwa aƙalla lita guda ga kowace awa. Hular kwano wajibi ce, haka fitilar baya, saboda kabu-kabu da manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa. Mai doguwar riga ya naɗe ta, ya ɗaure ƙafar wandon dama, don faranti na kama ta.

Keken bai zo da madigadi ko kariyar ɗora kaya ba. Da damina tayar baya na watso laka har ƙeya, don haka mai zuwa aiki ko makaranta da shi sai ya ƙara su, ya kuma duba tun wurin dillali ko akwai ƙananan ramukan noti kusa da sandar ƙafar baya, domin idan babu su kariya ba ta ɗauruwa da kyau.