Fentin feshi mai jure zafi: yadda ya kasance a kan injin babur bayan wata takwas

Wata takwas ke nan da na fesa wa injin tsohon babur ɗina fenti mai jure zafi, irin wanda ake sayarwa a gwangwani, kuma da gangan na jinkirta faɗin ra'ayina a kansa, domin sai fenti ya sha zafi da mai da ruwan sama tukuna ake sanin halinsa. Babur ɗin Honda CG125 ne, mai silinda ɗaya, wanda iska ke sanyaya injinsa, ya kuma daɗe a jingine a garejin gida har alminiyum ɗinsa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka.

Fentin da na saya baƙi ne mai ɗan sheƙi kaɗan, an rubuta a jikin gwangwanin cewa yana jure zafi har digiri 260 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ya wadatar ga jikin inji da murafun gefe da kan silinda, amma bai isa ga bututun salansa ba, wanda zafinsa a kusa da bakin inji ya zarce haka nesa ba kusa ba, don haka shi nasa fentin daban ne. Gwangwani biyu na launi da ɗaya na fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara fesawa kafin na launi, suka ishe ni, har da ragowa.

Feshin kansa bai kai awa biyu ba, shiri ne ya cinye mini kwana huɗu. Bayan na sauke injin na juye mansa, na wanke shi sau uku da maganin cire maiƙo, kuma duk da haka, da na goga farin ƙyalle a tsakanin haƙarƙarin silinda, wato faya-fayan da iska ke ratsawa ta kwashe zafi, sai ya fito da baƙin giris. A nan ne aikin ya fi cin rai, domin yatsa ba ya shiga, sai da na naɗe sanfefa mai lamba 320 a jikin siririn katako na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Na guji burushin waya na baƙin ƙarfe, saboda yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyum, daga baya su yi tsatsa a ƙarƙashin fenti. Na tagulla na yi amfani da shi. Haka nan sodar wanki mai ƙarfi ba ta dace ba, tana cin alminiyum. Daga ƙarshe na goge ko'ina da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, na toshe ramin fulogi da mashigar kafireta, na rufe lambar inji da duk fuskar da gasket, wato abin da ke hana yoyo a mahaɗar sassan inji, ke zama a kai da salatif.

Fentin shimfiɗar da na sa shi ne mai ɗan asid a ciki, wanda yake kama jikin alminiyum, kuma a ganina wanda ya tsallake wannan mataki bai kamata ya zargi fentin sama ba idan ya ɓare. Fentin launin kuwa ya burge ni wajen fita: feshinsa a baje yake, ba ya tofar da ɗigo, kuma daga tazarar santimita 25 ya shiga lungunan haƙarƙarin ba tare da ya taru ba. Na yi shafi uku marasa kauri, minti goma tsakanin kowanne. Shafin farko ya fito dabbare-dabbare har na yi zaton na ɓata aikin, sai a na uku launin ya haɗe. Kan gwangwanin yakan toshe idan aka ajiye shi, amma kifa shi a danna na ɗan lokaci bayan kowane shafi yana magance hakan. Warinsa kuma mai ƙarfi ne ƙwarai. Ko da ƙofar gareji a buɗe, sai da takunkumi mai matatar sinadari, na ƙyalle ba ya hana komai.

Rauninsa ɗaya ne, kuma ya kamata mai saye ya san shi tun da wuri: bushewa daban, ƙwari daban. Cikin awa guda ana iya taɓa shi, amma ba ya jure fetur sai zafi ya gasa shi. Ni na yi gaggawa, na mayar da injin a kwana na uku, sai fetur ya ɗiga daga kafireta a kan murfin hagu, nan take wurin ya yamutse kamar fatar tsoho, faɗin tafin yaro. Laifina ne, domin gargaɗin yana rubuce a gwangwanin, sai dai da ƙananan baƙaƙen da ba kowa zai lura da su ba. Na bar wurin ya yi mako guda, na goge na sake fesawa, sannan na gasa injin da zafin kansa: in tayar da shi ya yi minti goma, in kashe ya huce sarai, in sake tayarwa na lokacin da ya fi na baya tsawo. A tashin farko ya yi ɗan hayaƙi da wari, daga nan bai ƙara ba.

Tun daga lokacin fetur ya sha zuba a kansa, idan na goge da wuri ba ya barin tabo. Akwai fenti mai haɗi biyu, wato wanda ake gauraya shi da sinadarin ƙarfafawa kafin a fesa, wanda ya fi wannan jure mai, amma sinadarin da ke ƙarfafa shi yana da haɗari ga huhu, shi ya sa ban ga dacewarsa da ƙaramin gareji ba, kuma ga mai aiki a gida wannan na gwangwani zan ba da shawara. Kan silinda bai canza launi ba, zafin injin ma ban ga ya ƙaru ba. Inda kawai ya nuna gajiya shi ne gaban inji ta ƙasa, wurin da tayar gaba ke watso tsakuwa, ya sami 'yan ƙananan ƙwarzane guda biyar ko shida, sai kuma gefen murfin dama, inda takalmina ke gogawa idan zan taka birki, wanda ya ɗan yi sheƙi fiye da sauran jikin.