Tallafin gyaran rafi na birnin Portland: ra'ayina

Jama'a duk wanda ke zaune a Portland ta jihar Oregon a Amurka kuma yana cikin wata ƙungiya ta unguwa, ko ta masallaci ce ko coci ko makaranta, ya leƙa shirin nan na Community Watershed Stewardship Program. Hukumar kula da magudanan ruwa ta birnin ce ke tafiyar da shi tare da jami'ar Portland State, tun 1995 ake yi, ba sabon abu bane.

Kuɗi suke ba ƙungiyoyi su shuka itatuwan da asalinsu na yankin ne, su kwashe bola a bakin rafi irinsu Johnson Creek da Columbia Slough, ko su fasa kwalta a yi lambun da zai shanye ruwan sama, don garin nan in damina ta kama ruwa ba ya ɗaukewa, duk mai da dattin titi sai ya gangara kogin Willamette inda kifin salmon ke wucewa. Abin da ya fi burge ni wallahi shine ba sai kana da digiri a harkar muhalli ba, ɗaliban jami'ar na taimakawa wajen tsara takardar nema, kuma suna son aikin ya jawo baƙi 'yan ci-rani da matasa.

Kuɗin dai ba wani mai yawa bane, in ka kwatanta da dala biliyan 1.4 da birnin ya kashe a manyan bututun Big Pipe, masu hana ruwan ƙazanta malala cikin kogi, da aka gama a 2011 to abin dariya ne. Amma ya isa sayen shebur, safar hannu, dashe da abincin masu aikin sa kai. Ku dai adana rasit, za a nemi rahoto. Tauraro 4 na basu.