Sharhi a Kan Fina-finan Farko na Werner Herzog

Tarin faifan da na saya ya ƙunshi fina-finan da daraktan Jamus Werner Herzog ya shirya tsakanin 1968 da 1974, kuma bayan na kammala kallonsu bi da bi, ra'ayina shi ne cewa gwanintar wannan mutum ta bayyana tun kafin ya samu kuɗi ko suna. An haife shi a birnin Munich a 1942, ya tashi a ƙauyen Sachrang da ke cikin duwatsun Bavariya, kuma bai yi wani dogon karatun harkar fim ba. Abin da yake da shi tun farko shi ne haƙurin barin kyamara ta tsaya a kan wuri har sai wurin ya faɗi abin da ke zuciyar mutumin da ke cikinsa.

Wannan ya fito fili a Lebenszeichen na 1968, dogon fim ɗinsa na farko, wanda aka ɗauka da baƙi da fari a tsibirin Kos na ƙasar Girka, kuma ya samu lambar yabo a bikin fina-finai na Berlin a wannan shekarar. Labarin wani sojan Jamus ne mai suna Stroszek da ya ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi gadin ma'ajiyar makamai a wata tsohuwar ganuwa inda babu abin yi sai zaman kashe wando. Herzog bai sa kowa ya yi bayanin yadda hankalin sojan ya gushe ba. Ya kai shi bakin wani kwari, kyamara ta juya sannu a hankali, sai ga dubban injinan iska suna ta juya fukafukansu har iyakar gani, daga nan mutumin ya fara harbi. Na mayar da wannan wuri baya na sake kallo, domin ban taɓa ganin an nuna taɓuwar hankali da ƙasa da iska kaɗai ba.

Auch Zwerge haben klein angefangen na 1970, fim ɗin da wadanni suka yi wasa a cikinsa, bai kwanta mini ba. Akwai ƙarfin hali a cikinsa, amma hayaniyarsa da yadda ake wahalar da dabbobi sun sa na ƙosa ya ƙare.

Fata Morgana na 1971 shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne na fi samun saɓani da shi. An ɗauki mafi yawansa a hamadar Sahara, babu labari, sai tuddan rairayi da kawalwalniya da gawawwakin dabbobi da tarkacen jirgin sama, yayin da muryar Lotte Eisner, masaniyar tarihin fim ɗin Jamus, take karanta labarin halittar duniya na mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya. Kyawun hoton ba ya misaltuwa. Sai dai ga wanda ya san cewa hamada gida ce ga jama'a masu kasuwanci da zumunci da addini, akwai ciwo a ganin yadda mazauna wurin suke bayyana kamar wani yanki na shimfiɗar ƙasa, ana kallonsu ba a sauraronsu. Ina ganin wannan naƙasu ne na gaskiya, kuma kyawun ɗaukar bai wanke shi ba.

Kololuwar tarin ita ce Aguirre na 1972, wanda aka ɗauka a dazuzzukan Peru da ƙaramin kasafi da 'yan ma'aikata kaɗan. Fim ɗin yana buɗewa da ayarin mayaƙan Sifaniya na ƙarni na 16 suna gangarowa daga kan dutse cikin hazo kamar jerin tururuwa, ɗauke da igwa da kaji a keji, kuma tun daga nan mai kallo ya san cewa neman birnin zinariya ba zai kai su ko'ina ba. Mai ɗaukar hoto Thomas Mauch ya bar laka da feshin ruwa suna taɓa gilashin kyamara, ta yadda wahalar da ake gani ta zama ta zahiri. Ɗan wasa Klaus Kinski kuwa, wanda ya fito a matsayin jagoran mayaƙan, Aguirre, bai cika ɗaga murya ba. Tafiyarsa a karkace da kallonsa sun isa su tsorata mutum. Kiɗan Florian Fricke ya ƙara wa komai nauyi.

Fim na ƙarshe a tarin, na 1974, ya ba da labarin Kaspar Hauser, matashin da aka tsinta a Nuremberg a 1828 bai iya magana sosai ba. Herzog ya ba Bruno S. wannan matsayi, mutumin da ba ɗan wasa ba ne kuma ya shafe ƙuruciyarsa a gidajen kula da marasa galihu, kuma kowace kalma da yake furtawa tana fita da ƙyar ta hanyar da koyo ba zai kawo ba. Fim ɗin ya samu babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 1975.

Game da faifan kansa, an gyara hoton da kyau kuma sautin yana fita tas. Matsalar ita ce fassarar da ke ƙasan allo farar rubutu ce, saboda haka tana ɓacewa a kan rairayi da farin bango. Wanda bai saba da fim mai tafiyar hawainiya ba gara ya fara da Aguirre, sannan ya koma Lebenszeichen.