Famfon iska mai baki huɗu: yana aiki, amma kada a ɗora shi a bakin tanki

Ƙaramin famfon iska mai baki huɗu da masu ƙyanƙyasar tarwada ke saye a Sakkwato kaya ne mai kyau ga mai tankin roba biyu zuwa huɗu. Aikinsa hura iska cikin ruwan tanki ta tiyo domin kifi ya samu iskar oksijin. Ba ya cin wuta sosai, kuma a bazara ake sanin amfaninsa: ruwa mai zafin digiri 30 iskar oksijin da yake riƙewa kusan miligiram 7.5 ce a lita, alhali a digiri 20 tana kai 9.

Aibinsa girgiza. A cikinsa maganaɗisu ne ke kaɗa 'yar roba sau 50 a daƙiƙa, ƙafafunsa na roba kuma da sun sha zafi sai su taurare, ya riƙa ja da kaɗan-kaɗan har ya bugi jikin tanki.

Wannan bugun ba ƙaramin abu ba ne a wurin kifi. A gindin ƙwaƙwalwarsa akwai manyan ƙwayoyin jijiya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, masu sunan Ludwig Mauthner, likitan ido na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya da ya bayyana zarensu mai kai saƙo a 1859. Saƙo daga kunne yana shiga musu kai tsaye. Zaren kowace yana tsallakawa ɗaya gefen ya bi lakar ƙashin baya, don haka idan ƙarar ta zo ta dama, naman hagu ne ke tsukewa, kifin ya lanƙwashe kamar lauje ya zabura, duk cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin biyu na tashi take danne 'yar'uwarta. Tarwada kuwa tana da ƙananan ƙasusuwa da ke kai girgiza daga jakar iskarta zuwa kunne, shi ya sa jinta ke da kaifi.

Gurnani marar yankewa kifi yana sabawa da shi. Bugun ba-zata ne ke watsa 'ya'yan kifi, su bar abinci su yi ta karo da bango, musamman lokacin da aka dawo da wuta famfon ya tashi farat ɗaya.

Gyaran ba tsada. A ɗora shi kan soso mai kauri a wani kanta daban, sama da bakin ruwa, domin idan yana ƙasa aka ɗauke wuta, ruwa kan biyo tiyo ya shige shi. Tiyon ya yi sako-sako, kada ya ɗame. Audugar tace ƙura da ke ƙarƙashinsa tana toshewa da wuri a hunturu, a duba ta kowane mako. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko yana da canjin 'yar robar da ke kaɗawa a ciki, don ita ce ke fara tsagewa.